Ilmin Halin Ɗan Adam: Wa Zai Koya Wa Samarin Sabo?

Daga Wakilinmu a Badun

Duk wanda ya haifi ɗa a Kurmi ya san akwai wata shekara da yaro kan sāke wa iyayensa. Yaron da jiya in an aike shi yake tafiya da gudu, yau ya kai sha shida ko sha bakwai, sai ka ji ya fara tambayar dalili. A gida Bahaushe ne, a makaranta Turanci yake yi, a bakin titin Mokola kuwa in ya buɗe baki da Yarabanci ba mai cewa iyayensa daga Kano ko Sakkwato suka fito. In an kai shi Arewa hutu 'yan'uwansa su ce masa ɗan Kurmi, in ya komo Badun a kira shi Gambari, alhali kuwa wataƙila kakansa ma a Sabo aka yanke masa cibiya. Yaron da ya tashi a haka tilas ne wata rana ya tambayi kansa shi wane ne, kuma me ya sa mutane suke yadda suke.

Akwai wani fanni na ilmin zamani da aka gina shi a kan wannan tambaya, watau ilmin halayyar ɗan Adam. A Ingila 'yan shekara 16 zuwa 18 suna karanta shi don jarrabawar shiga jami'a, har ma a 2023 shi ne darasi na biyu da ɗalibai suka fi zaɓa bayan lissafi. A Amurka tun 1992 ake yi wa 'yan babbar sakandare jarrabawarsa. A nan Nijeriya kuwa ba ya cikin darussan da WAEC ke jarraba ɗalibai a kai a ƙarshen sakandare. Sai yaro ya shiga jami'a ko kwalejin horon malamai sa'an nan zai ji ƙanshinsa, kuma kowa ya san yawancin samarin Sabo kasuwa ke ɗauke su tun kafin su kai can.

Badun ta riga kowa

Abin mamaki shi ne garin da muke zaune yana cikin wuraren da wannan sha'ani ya fara kafuwa a ƙasar nan. A 1959 waɗansu mata masu hidimar cocin Katolika da ke koyarwa a Kwalejin St. Theresa ta Oke-Ado suka ga 'yan matansu na ajin ƙarshe za su fita duniya ba su san inda za su dosa ba. Sai suka gayyato ma'aikata daga wurare dabam dabam su zo su zauna da yaran, su ba su shawara a kan irin aikin da ya dace da kowace. Daga wannan ɗan taro ne masana ke ƙirga farkon aikin ba ɗalibai shawara a makarantun Nijeriya. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ambaci bukatar a sami malaman ba da shawara a makarantun gaba da firamare.

A Abeokuta kuma, wadda ba ta da nisa da mu, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fito da wata dabara a Aro a 1954. Maimakon a kulle masu taɓin hankali a bayan katanga, sai ya sa ana sauke su a gidajen ƙauyawa tare da wani ɗan'uwansu, su zo asibiti da rana su koma cikin jama'a da dare, har yakan yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Lambo ya zama shugaban Jami'ar Badun daga 1968 zuwa 1971, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen ilmin halayyar ɗan Adam a 1964, ta Badun ta buɗe nata a 1976. Daga Sabo zuwa ƙofar jami'ar tafiyar mota ɗaya ce, amma ƙalilan ne cikin iyayen unguwar za su iya faɗa maka abin da ake karantawa a wannan sashe.

Bahaushe ya daɗe da nasa

Kada mai karatu ya zaci Bahaushe ya zauna jiran Bature ya zo ya gaya masa mene ne hali. Karin maganarmu cike take da wannan nazari, kuma in ka jera su sai ka tarar kakanninmu ma sun rabu gida biyu. Masu cewa hali gado ne suna da nasu: hali zanen dutse, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mai hali ba ya fasa halinsa. Masu cewa reno da zama ke yin mutum su ma suna da nasu: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ga kuma wanda ya ga ɗan malami ya lalace, ya girgiza kai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Wannan gardama ita ce dai Turawa suka shekara ɗari suna yi. Wani Ba'amurke, John Watson, ya yi kurari a shekarun 1920 cewa in an ba shi jarirai masu lafiya ya rene su yadda yake so, zai iya mai da kowane ɗayansu likita ko ɗan kasuwa ko ɓarawo, ko da wane ne ubansa. Waɗansu suka ce ƙarya yake, jini ke magana. Daga baya aka bi tagwaye dubbai ana aunawa, har da waɗanda aka raba tun suna jarirai aka rene su a gidaje dabam. Abin da ya fito shi ne gado yana ɗaukar wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane, sauran kuwa na abin da mutum ya gamu da shi ne a zaman duniya. Ashe kowane gida cikin biyun nan na karin magana yana riƙe da rabin gaskiya.

Wani Bature da ya yi aikin mulki a Adamawa ya kuma koyar a Zariya, Anthony Kirk-Greene, ya gabatar da lacca a Amurka a 1973 a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. Ya ƙirga halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Wanda ya dubi jerin nan zai lura kusan dukansu a tsakanin mutane ake gane su. Ba a auna kirkin Bahaushe yana zaune shi kaɗai a ɗaki.

Sabo kuwa da sanin hali aka gina ta. A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar, kuma wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a cikinta a 1962 da 1963, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro ke tafiya a lokacin. Mai shanu ya taso daga Arewa ya sauka a gidan maigida, a sayar wa mahauta Yarabawa shanunsa bashi, ba takarda ba sa hannu. Maigidan ne ke tsaya masa, shi da dillalansa kuwa sai sun san kowane mahauci ciki da waje: wanda ke biya a kan lokaci, wanda ke da mata da yawa da bashi da yawa, wanda in an matsa masa zai gudu. Maigidan da ya kasa karanta mutane, ƙarshensa karyewa. Wannan ilmi ne na gaske, sai dai a zaure da kara ake koyonsa, kuma yaron da ya wuni a aji ba ya samun zaman da uban nasa ya samu.

Abin da ke cikin littattafan zaure

Malaman zaure su ma suna da nasu bayani, kuma shi ne ya fi shiga zukatan mutanen Sabo, unguwar da ɗarikar Tijjaniyya ta kafu sosai tun farkon shekarun 1950. Yaron da ya sauke Alƙur'ani ya ɗauki Ahalari, tun a shafukan farko zai gamu da cututtukan zuciya: hassada, riya, girman kai, jiji da kai. Zai ji cewa kowane jariri a kan tsarkin halitta ake haihuwarsa, iyaye da mahalli ke juya shi. Zai ji rai iri uku, mai yawan umurni da mummuna, da mai zargin kansa in ya yi laifi, da wanda ya natsu.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da babi guda cikin Ihya'u a kan horar da rai. Ya ƙi yarda da masu cewa hali ba ya sākuwa, hujjarsa kuwa ita ce da haka ne da wa'azi da nasiha ba su da amfani, ga shi kuma ana horar da doki da kare da shaho su bar halinsu na daji. Kafin shi akwai Abu Zaidu Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai. Ya yi bayanin fushi da tsoro da waswasi, ya kuma raba baƙin ciki gida biyu: wanda ke da dalili sananne kamar rashi ko hasara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, wanda ya ce daga jiki yake kuma yana bukatar magani. Likitocin yau ba su yi nisa da wannan rabo ba.

Inda aka saɓa

To, in haka ne me ya sa waɗansu iyaye da malamai ke ɗari-ɗari da wannan fanni? Suna da dalilinsu, kuma bai kamata a raina shi ba. Ilmin na zamani an fara shi ne a Jamus a 1879, sa'ad da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig, kuma manyan da suka biyo baya da yawansu ba ruwansu da addini. Sigmund Freud, likitan birnin Biyana da ya mutu a 1939, ya ce sha'awa da ke ɓoye a ƙarƙashin tunani ita ke tuƙa mutum, addini kuwa a ganinsa mafarki ne da ɗan Adam ya ƙago don ya kwantar wa kansa da hankali. Mabiyan Watson da Skinner suka ce a bar zancen rai gaba ɗaya, lada da horo ke sarrafa mutum kamar yadda suke sarrafa ɓera a keji. Abraham Maslow a 1943 ya jera bukatun mutum kamar tsani, daga ci da sha har zuwa cikar burin kai a can sama. Uban da ya ji ɗansa ɗan shekara 17 ya dawo gida da irin wannan magana, ba laifinsa ba ne in hankalinsa ya tashi.

Wani shehun malami ɗan Sudan, Malik Badri, ya rubuta littafi a 1979 a kan wannan tsaka mai wuya da Musulmi masu karatun fannin ke shiga. Shawararsa ita ce a rarrabe. Akwai abin da aka gwada aka auna, kamar yadda mutum ke koyo da mantuwa, da yadda tsoro ke kama shi da yadda ake raba shi da shi. Akwai kuma ra'ayin mai littafi a kan asalin mutum da makomarsa, wanda ba gwajin da ya tabbatar da shi. Na farko a karɓa a yi aiki da shi, na biyu a sa shi a ma'auni. Yawancin abin da Freud ya faɗa ma, masana fannin na yau ba su ɗauke shi tabbataccen abu ba, a tarihin fannin ake karanta shi.

Sa'ad da aka auna 'ya'yan Hausawa

Akwai wani labari da ya kamata kowane saurayi a Sabo ya sani, domin da irinsu aka yi shi. A farkon shekarun 1960 wani Ba'amurke, Robert LeVine, ya bi makarantun sakandare a Nijeriya ya sa ɗalibai maza fiye da 300, Hausawa da Yarabawa da Ibo, su rubuta mafarkan da suka yi, su kuma rubuta yadda yaro ke zama babban mutum. Ya ƙirga sau nawa zancen ƙoƙarin kai da neman fifiko ya fito a rubutun kowace ƙabila. A littafin da ya fitar a 1966 ya ce Ibo ne kan gaba a wannan, Yarabawa na biye, Hausawa na ƙarshe. A wajen biyayya da bin na gaba kuwa Hausawa ne suka zo na ɗaya. Ya danganta abin da tsarin barantaka, inda mutum ke ɗaukaka ta hanyar yi wa ubangida hidima.

Mai karatu zai iya jin haushi, ko kuma ya ce ai gaskiya ne. Amma yaron da aka koya wa fannin nan da kyau tambayoyi zai yi. Ɗalibai nawa ne Hausawa a ciki, kuma 'ya'yan su wane ne, a zamanin da 'yan kaɗan ke shiga sakandare a Arewa? Yaron da aka rena da kunya zai rubuta wa baƙo burinsa a takarda? Shin mafarki ma'auni ne na himma? A daidai shekarun da ake wannan ƙirga, fataken Sabo suna ɗauko shanu daga ɗaruruwan mil su mai da goro, da jarinsu da kasadarsu. Wannan wace irin himma ce, kuma me ya sa ma'aunin bai kama ta ba?

Masanan da kansu sun farga da irin wannan rauni. A 2010 waɗansu uku a wata jami'ar Kanada suka nuna cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji da su a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya, yawancinsu ma ɗaliban jami'a ne. A 2015 kuma aka sāke gwaje-gwaje 100 da aka riga aka buga, waɗanda suka ba da sakamako irin na farko ba su kai 40 ba. Wannan bai rushe fannin ba, amma ya isa ya nuna cewa in littafi ya ce ɗan Adam kaza yake, sai a tambaya wane ɗan Adam aka auna.

Me ya sa sai 'yan wannan shekaru

Dalili na farko, a lokacin ne kan yaro ke iya ɗaukar irin wannan magana. Jean Piaget na ƙasar Suwizalan ya nuna cewa daga wajen shekara 12 yaro ke fara iya tunani a kan abin da ba ya gani, ya ce da a ce kaza ne da me zai faru. Masu nazarin ƙwaƙwalwa kuma sun gano cewa sashen gaba, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi duba ƙarshen abu, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20 da 'yan kai, alhali sashen da ke son daɗi da yabon abokai ya riga ya balaga. Abin da tsofaffi ke kira tashen balaga ke nan. Yaron da ya san haka game da kansa ya sami abin da zai riƙe ranar da abokai suka ce in ka isa ka yi.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa ko ta damuwa. Wani babban nazari na 2021 ya nuna kusan rabin masu irin wannan lalura kafin su cika 18 take fara musu. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya ko wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda, kuma a watan Mayu na shekarar ne gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ba wanda ke zaune a Sabo ko Ojoo ko Shasha da zai ce bai san gidan da wannan masifa ta shiga ba.

A wajenmu yaro in ya daina magana, ya daina cin abinci, ya kulle kansa a ɗaki, abin da aka fi cewa shi ne iska ko sammu ko taurin kai. A yi rubutu a yi addu'a, wannan ba mai hana shi. Amma sau da yawa ba a haɗawa da asibiti sai abu ya ƙazanta, ga kuwa asibitin koyarwa na UCH a bayan gida, ga cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa da Jami'ar Badun ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Olayinka Omigbodun. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abokin yaro shi ke fara ganin ya sāke tun kafin iyaye su lura, saboda haka in abokin ya san alamomin, an sami mai kai rahoto da wuri.

Darasin Shasha

Dalili na uku ya shafi zamanmu a Kurmi. A watan Fabrairu na 2021 cacar baki tsakanin mutum biyu a kasuwar Shasha ta zama faɗan Hausawa da Yarabawa. An yi hasarar rayuka, an ƙone rumfuna da gidaje, mutanen da suka shekara talatin suna ciniki tare suka wayi gari suna gudun juna, har gwamnatin Jihar Oyo ta rufe kasuwar na wani lokaci. Samari ne a gaba a kowane ɓangare, kuma da yawansu in ka same su ɗaya ɗaya ba za su iya marin kowa ba.

Fannin nan yana da abin faɗa a kan haka. A 1951 Solomon Asch ya zaunar da mutum cikin waɗansu da aka haɗa baki da su, aka nuna musu layuka a takarda, sauran duka suka ba da amsar da ido ke ganin ƙarya ce. Uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya. A gwajin Stanley Milgram na 1961, mutum 26 cikin 40 sun ci gaba da danna abin da suka zaci wutar lantarki ce suke jona wa wani, har zuwa ƙarshen ma'auni, don kawai mai rigar ɗakin gwaji ya ce a ci gaba. A 1954 kuma Muzafer Sherif ya kai yara 22 sansani ya raba su gida biyu ya sa su gasa. Cikin 'yan kwanaki suka fara zagin juna da ƙona tutar juna, alhali duk addininsu ɗaya, launinsu ɗaya. Haɗa su cin abinci wuri ɗaya bai shirya su ba. Abin da ya shirya su shi ne da ruwan sansanin ya yanke, da kuma motar abincinsu ta ƙi tashi, dole suka haɗu suka ja ta da igiya.

Saurayin da ya san waɗannan labarai, ranar da aka zo da ihu an ce an kashe namu a fito, akwai fatan zai tsaya ya tambaya wa ya gani. Shugabannin kasuwa kuma suna da abin ɗauka: taron sulhu da jawabai ba su kai aikin da ɓangarorin biyu ba za su iya yi ba sai tare, kamar gadin kasuwa da gyaran magudanar ruwa.

Yadda za a ɓullo wa abin

Ba sai an jira gwamnati ta ƙara darasi a manhaja ba. Makarantun Islamiyya na unguwa suna da ajin manya da yamma da ranakun Asabar da Lahadi, kuma a nan ne abin zai fi sauƙin shiga, domin iyaye sun riga sun amince da wurin. A sami malamin zaure da ya karanta Ihya'u, a haɗa shi da wani ɗan unguwa da ya yi karatun horon malamai ko na jami'a. A ɗauki tambaya guda kowane mako, misali ko hali na sākuwa, ko me ke sa mutumin kirki ya shiga taron ɓarna. A kawo abin da karin magana ta ce, da abin da malaman Musulunci suka ce, da abin da gwaji ya nuna, sa'an nan a bar yaran su yi ta gardama da ladabi. A yi da Hausa, domin yaro ba ya faɗin abin da ke cikinsa da harshen jarrabawa. 'Yan mata kuma a yi musu nasu ajin da malama, don su ne za a aurar da wuri su riƙe gida da reno.

Akwai abin kiyayewa. Malamin aji ba likita ba ne, in ya ga yaro da alamar lalura sai ya kira iyaye a nufi asibiti. Kada kuma a sa yaro ya tona asirin gidansu a gaban 'yan aji da sunan darasi. Yaran su ma a gargaɗe su, wanda ya karanta shafi biyu kada ya koma gida yana sa wa kowa sunan cuta.

Ya rage ga Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, da limamai, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na 'yan canji, su ga ko wannan abu ya cancanci a sa masa hannu. Kuɗin da zai ci bai kai na walimar biki guda ba. In unguwa ta rubuta wa jami'a takarda tana neman a turo mata masu ba da lacca sau ɗaya a wata, ba abin kunya ba ne, matan Oke-Ado ma da gayyata suka fara a 1959. Yaran nan dai suna jin bayanin halin ɗan Adam kullum a wayoyin da ke hannunsu, daga bakin mutanen da ba su san Sabo ba, ba su kuma san iyayensu ba. Gara su ji shi a gaban malamin da za su iya yi wa tambaya.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.